Horon Ma'aikata a kan Fomalin: Hanci Ba Mizani Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga sashen binciken tsoka na babban asibiti, inda ake kai abin da likitoci suka yanko a ɗakin tiyata domin a tabbatar ko sankara ce ko waninta, ya san warin nan mai hawa ka da yake tarbar baƙo tun daga bakin ƙofa, ya sa idonsa ƙwalla, maƙogwaronsa ya ɗau zafi, alhali kuwa ma'aikatan da ke ciki suna ta hirarsu kamar ba kome. Wannan warin fomalin ne, wato iskar fomaldehaid da aka narkar cikin ruwa har kashi 37 cikin ɗari, wadda ake sirkawa ninki goma kafin a tsoma tsoka a ciki. An gano fa'idarsa a shekarar 1893, sa'ad da wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, ya lura fatar yatsunsa ta ƙandare bayan ya yi aiki da shi. Mai basira kuwa zai fahimci cewa abin da ke ƙandarar da naman cikin kwalba ba ya bambanta shi da naman mai riƙe da kwalbar.

Mas'alar da ta fi damuna a nan ita ce ta sabo. Idan mutum ya jima cikin wari, hancinsa yakan gaji ya daina kai masa rahoto, har ka ji tsohon ma'aikaci yana wa sabon ɗauka dariya yana cewa, "Ai mu mun saba," yana zaton jikinsa ne ya yi ƙwari, alhali mai gadinsa ne ya yi barci. Illar kuwa ba ta tsaya ga hawaye da tari da ƙaiƙayin fata da asma ba. A shekarar 2004 hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta yanke hukuncin cewa fomaldehaid na jawo wa ɗan Adam sankarar bayan hanci, a 2009 kuma ta ƙara da sankarar jini. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada abin da mutum zai shaƙa ya wuce kashi 0.75 cikin miliyan na iska a aikin awa 8, ko kashi 2 a cikin minti 15, ta kuma wajabta horo kowace shekara ga duk wanda ke shaƙar kashi 0.1 ko fiye. Wannan adadi hancin da ya saba ba ya kama shi. Sai an auna iskar ɗakin da na'ura.

A yankinmu akwai abu biyu da ke tsananta lamarin. Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yana sa tururin ya tashi da gaggawa, ɗauke wuta kuma yana tsayar da injin da ke zuƙe shi. Fankar sama ba ta fitar da kome, raba tururin kawai take yi ga kowa. Saboda haka ƙa'ida ta farko da za a cusa wa mai koyo ita ce, ba a yankan tsoka ko sirka fomalin sai a ƙarƙashin abin zuƙe iska mai fitar da ita waje, nesa da fuska, kuma da zarar ya tsaya a rufe kwalabe a dakata har ya tashi, ko da aiki ya taru.

Sa'an nan horon ya zama na hannu, kada a taƙaita shi ga lacca da sa hannu a takarda. A nuna wa mutum cewa takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare tururi ko kaɗan, kuma farar safar hannu ta roba da ake duba majiyyata da ita ba ta daɗewa fomalin ya ratsa ta, sai irin ta naitiral, tare da tabarau mai rufe gefen ido. A sa shi ya rufe ido ya lalubi famfon wanke ido da kansa, domin ranar da abin ya fallatsa masa ba zai ga hanya ba, kuma ya san wankin minti 15 ne cur kafin a kai shi ga likita. In kaɗan ya zube, mai kayan kariya ya tsane shi ya ƙulle a leda. In da yawa ne, a fita, a rufe ƙofa, a kira wanda aka wakilta.

Wani abin takaici shi ne ɗura fomalin cikin gorar ruwan sha da ba a rubuta mata kome ba. Ba shi da launi, ido ba ya raba shi da ruwa, kuma cokali biyu na mai ƙarfin yana iya halaka baligi. Kowace kwalba a rubuta sunansa da ƙarfinsa da alamar haɗari, ba kuma a ci ko a sha a ɗakin.

Galibi masu digiri ake tarawa a horar, a mance da masinjan da ke ɗauko kwalba daga tiyata, da mai sharar da ke goge abin da ya zube da tsumma da hannu tsirara, da ma'aikacin mutuware, alhali su suka fi kusa da cutar, su ne kuma ba sa karanta gargaɗin Turancin da ke jikin jarka. Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin laruran nan biyar da shari'a ta zo ta tsare, kuma ran mai shara amana ne a wuyan shugaban sashe daidai da na likita. A yi musu bayani da Hausa, a maimaita duk shekara, a rubuta sunan wanda ya halarta.

Kai kuma ma'aikaci, idan ka lura tarinka ko jan idonka yana lafawa ranar hutu ya dawo ranar aiki, kada ka jira: ka sanar da shugabanka a rubuce, ka ga likita, ka gaya masa da fomalin kake aiki.