Abin da Ɗanka Ke Koya Game da Ƙasarsa, Daga Jardan Zuwa Lise

Jama'ar Dakoro, iyaye maza da mata, wannan takarda taku ce. Da yawa daga cikinmu, idan yaro ya kawo sakamakon jarrabawa gida, makin lissafi da na Faransanci kawai muke dubawa. Tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa kuwa, mun mayar da su cikon benci. Wannan kuskure ne. A cikin darussan nan uku ne ake koya wa yaro ko shi wane ne, ina yake zaune, da yadda zai zauna da wanda ba yarensu ɗaya ba.

Abin yana farawa tun daga jardan, makarantar ƙananan yara, ga wanda ya samu shiga, domin ba kowane ƙauye ke da ita ba. A nan babu littafi mai nauyi. Gaisuwa ce, da wanke hannu, da jiran layi, da sanin sunan uba da na unguwa.

Daga nan sai firamare, shekara shida, daga CI zuwa CM2. Malam yakan fara da abin da idon yaro ke gani: gida, lakwal, kasuwa, gabas da yamma, damina da rani. Sannu a hankali a faɗaɗa masa zuwa kanton da jiha, har ya san cewa Nijar tana da jihohi takwas, faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000, kuma ƙasashe bakwai ne ke kewaye da ita: Najeriya, Cadi, Libiya, Aljeriya, Mali, Burkina Faso da Benin. Zai san an kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, an samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ne shugaba na farko. Zai ji labarin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, da na Kawusan da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916. Ku lura, taken ƙasa da 'ya'yanku ke rerawa da safe ba shi ne wanda kuka rera ba; an sauya shi a 2023. Ku sa su koya muku, ba abin kunya ba ne.

A kwaleji, shekara huɗu kafin jarrabawar birbe, ana fita da yaro waje: Masar ta dā, bayyanar Musulunci, daulolin Gana da Mali da Songai da Barno, ƙasashen Hausa, jihadin Shehu Usmanu na 1804, cinikin bayi, zuwan Turawa. A lise kuma, shekara uku kafin jarrabawar bak, sai yaƙe-yaƙen duniya biyu, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da yadda ƙasashen Afirka suka kuɓuta daga mulkin mallaka, da tattalin arzikin manyan ƙasashe irin su Amurka.

To, duk wannan yana da kyau. Amma ga inda gizo ke saƙar. Yaro zai iya zayyana maka kogunan Turai, ka tambaye shi me ya sa ake rigima a kan kwarin Tarka, ya yi shiru. Alhali kuwa Dakoro tana zaune ne daidai inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara. Tun 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta domin kiwo. Jama'a ta ƙaru, farin 1973 da na 1984 suka tarwatsa garkuna, gonaki suka yi ta hawa arewa, burtali ya ƙuntata. A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye da muke kira kofo, masu rubuta takardar gona da shata burtali da mashaya. Wannan shi ne labarin ƙasa na gaskiya ga ɗan Kornaka da ɗan Birnin Lalle, kuma shi ne tarbiyyar ɗan ƙasa. Wanda ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasari mata da yara, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan zaman lafiya ba. Ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Buzu da suka zauna benci ɗaya suka koyi wannan tare, su ne gobe za su zauna a kwamitin kofo.

Malamai, mun san halin da kuke ciki: aji cike, littafi kaɗan, wani ajin ma rumfar kara ce da ba a kafa ta sai an gama girbi. Duk da haka taswirar gari ba ta bukatar kuɗi, a ƙasa ma ana zana ta da tsinke. Ku kai yara su ga alamar burtali. Ku gaya musu gandun dajin Gadabeji da ke arewa da mu, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma mayar da raƙuman dawa cikinsa a 2018. Ku gayyato dattijo ya ba su labarin rijiyar farko ta garinsu. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, babu dalilin da zai sa a raina bayanin da tsoho ya yi da bakinsa.

Ku kuma iyaye, darasin farko na zama ɗan ƙasa a hannunku yake. Ku yi wa jariri takardar haihuwa da wuri, don kada ranar jarrabawa ta zo a shiga neman ta a gaban alƙali. Ku bar 'ya mace ta wuce CM2. Ku halarci taron iyayen yara idan darakta ya kira. Yau da dare kuma, bayan an ci tuwo, ku kira yaron ku tambaye shi abin da malam ya koya musu a tarihi wannan mako.