Amsoshin Tambayoyinku: In Bar Tanti In Koma Kwantena?

TAMBAYA: Ina noman rani na albasa a fadamar Kwalkwalawa, kuma tun daga dashe har cira a gona nake kwana saboda gadin injin ban ruwa. Tantin tamfol nake kafawa, to amma girma ya fara kamawa, bayana ba ya son tabarma a ƙasa, ga ƙura ga sauro. Ɗana ya nuna mini a waya irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja da mota. In nemi irinsa, ko in sayi kwantena in mayar da ita ɗaki? Daga wani manomi, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Allah ya sa albarka a noma, ya ƙara lafiya.

Mu fara sallamar ɗakin mai taya. A Ingila da Jamus an yi shi ne domin masu yawon hutu, waɗanda ke bin kwalta su sauka a filin da aka tanadar musu da famfo da wutar lantarki. Hanyar fadama kuwa yashi ce da laka, kuma in wani abu ya lalace a jikinsa ba ka da inda za ka sami kayan gyara a kusa. Wannan ka bar shi a waya.

Kwantena ita ce abin dubawa. Ƙaramar, mai ƙafa 20, tsawonta kusan mita 6 ne, faɗinta wajen mita 2.4, nauyinta ba kaya a ciki ya ɗara tan 2. Za ta ɗauki gado da buhunan taki da injinka, ka sa kwaɗo ka je sallar Juma'a cikin gari hankali kwance. Ta fuskar tsaro da ƙurar hunturu ta fi tanti nesa ba kusa ba.

Sai dai ka tuna garin da kake. A watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da albasa ke ƙosawa, zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarfen da rana ta daka tun hantsi yakan koma tanda, kafin azahar ko hannu ba ka iya ɗorawa a bangonsa. A Disamba da Janairu kuma, da dare ya raba sai ya yi sanyi ƙarara. Wanda ya shiga kwantena tsirara haka ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Saboda haka kuɗin saye somin taɓi ne. Kafin ka shimfiɗa katifa, a yi mata rumfa ta zana ko karan dawa a sama, a bar tazarar kamu biyu tsakaninta da rufin don iska ta riƙa ratsawa, kuma rumfar ta zarce ta yamma inda ranar la'asar ke duka. Mai walda ya yanka tagogi biyu masu kallon juna, da 'yar kafa can sama inda zafi zai fita, duk a sa musu raga. Ciki a yi silin, a jera katako a bango da soso a tsakani. A ɗora ta bisa bulo don kada danshi ya ci gindinta. Faifan sola ɗaya da batir sun isa fanka da fitila da cajin waya. Abu ɗaya da ba sassauci: kada garwashi ko janareta su kwana tare da kai a ciki. Iskar da suke fitarwa tana kisa cikin barci.

Sai maganar ruwa. Ka fi ni sanin abin da ya faru a Satumbar 2010, lokacin da Gulbin Rima ya tumbatsa daga Goronyo, ya shafe gonaki, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tanti kana naɗe shi ka ɗaure a babur. Kwantena sai an kira mota mai ƙugiya, ita kuma ba ta shiga fadama da zarar ƙasa ta jiƙe. In za ka ajiye ta, ka nemi tudun da dattawan wurin suka shaida ruwa bai taɓa hawa ba.

Shawarata ta rataya ga mallakar gonar. In taka ce kuma tana da tudu, ka sayi kwantena, amma ka ware kuɗin rumfa da tagogi tun kafin ka taya. In haya kake yi, kada ka binne jarinka a ƙasar wani. Ka yi rumfar zana mai tsayi, ka kafa tantin a ƙarƙashinta, ka sami gadon ƙarfe mai naɗewa da katifa mai kauri da gidan sauro mai magani, injin kuma a yi masa keji da sarƙa. Ciwon bayan da ƙura da sauron da ka lissafa duk za su yi sauƙi, ragowar kuɗin ka zuba a iri da taki.