Filin Gwaggo: Adakar Baba da littattafan zanen da ya bari

Gwaggo,

Ni haifaffen Treichville ne, gidanmu yana bayan babban masallaci, ladan na kiran salla kamar a tsakar gidanmu yake. Mahaifinmu mutumin Maradi ne, ya zo Abijan yana saurayi, ya yi tallan agogo da tabarau, daga baya Allah ya buɗa masa ya kama shagon yadi. Ya rasu da azumin da ya wuce. Bayan sadakar arba'in muka buɗe wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa muna zaton takardun fili ne, sai muka tarar da ita shaƙe da littattafan zane, irin waɗanda muke kira bede: Zembla, Akim, Blek, Kouakou, Tintin guda biyu, da tulin tsofaffin mujallun Ivoire Dimanche an ɗaure su da igiyar leda. Hajiya ta ce da su ya koyi karatun Faransanci, don shi allo kaɗai ya yi, bai taɓa shiga lakwal ba.

Yanzu kanmu ya rabu. Yayana ya gani a waya an sayar da wani littafin Superman kuɗi masu ban tsoro, ya ce lallai mu nemi Bature mai saye. Ƙanwata ta ce tarkace ne masu tara kyankyaso, a ba mai gyaɗa ya yi ƙunshi. Wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a Adjamé ya zo ya taya duka jaka 15. Ni kuwa zuciyata ba ta son a taɓa su. Shekaranjiya har muka ɗaga wa juna murya a gaban Hajiya, ta tashi ta shige ɗaki. Gwaggo, ina mafita?

Ɗanki a Treichville

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya ba Hajiya haƙurin rashi.

Kafin a zo kan takarda, ka shiga ɗakin Hajiya ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ka jawo yayanka da ƙanwarka su ma su yi. Mace ta gama takaba ba da jimawa ba, bai kamata ta ji 'ya'yanta na hayaniya a kan kayan mijinta ba.

Sannan ka san cewa adakar nan gado ce. Son da kake mata bai sa ta zama taka kai kaɗai ba. Hajiya na da tumuninta a ciki, ƙanwarka na da rabonta ko da ta kira su tarkace. Hanyar da na ga ta fi kawo zaman lafiya ita ce ku je wurin malamin da zai raba muku gado, ko ɗaya daga cikin malaman masallacin da ke kusa da gidanku, ka ce kana so a yi wa adakar kuɗi a saka ta cikin kasonka. Tayin mutumin Adjamé ya ba ku ma'auni na farko. Ka nemi wani ya sake tayawa, ka ɗora wani abu a kai don kowa ya ji an yi masa adalci. Daga ranar da aka yi haka bakin kowa ya mutu, kai ma ka riƙe abinka babu nauyin kowa a wuyanka.

Yanzu ga maganar yayanka. Abin da ya gani gaskiya ne: fitowar farko ta mujallar Action Comics ta 1938, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta, an yi gwanjonta a Amurka a watan Afrilun 2024 a kan dalar Amurka miliyan 6. Amma abin da ya kai ta wannan farashi shi ne kaɗan ne suka rage a duniya, wadda aka sayar kuma tana nan garau, ga attajirai na rububinta. Su Zembla da Akim da Blek ba haka suke ba. Ƙananan littattafai ne na aljihu da kamfanonin Faransa suka yi ta bugawa dubbai bisa dubbai a kan takarda mai arha. Kamfanin Lug na birnin Lyon ya fara fitar da Blek a cikin mujallar Kiwi a 1955, ya kawo Zembla a 1963. Akim kuwa daga Italiya aka ɗauko shi, ya shiga kasuwar Faransa a 1958. Har gobe suna jibge a kasuwannin gwanjo na can, kuma masu tarawa ba sa kallon wanda bangonsa ya yage ko ƙusar tsakiyarsa ta yi tsatsa. Littafin da ya shekara arba'in a iskar Abijan, ya bi hannun yaran unguwa ana ba da haya, da wuya ya tsira daga waɗannan biyun. Idan akwai lamba ta 1 ko ta 2 a cikinsu, a ware ta, tana iya yin ɗan kuɗi. Sauran dai kada yayanka ya sa rai.

Tintin ɗin nan biyu kuma kada shekarar da ke shafin farko ta ruɗe ku. Kamfanin Casterman da ke buga su yakan bar tsohuwar shekarar haƙƙin mallaka a kan bugun da aka sake yi bayan shekaru da yawa. Ka juya bangon baya ka duba jerin sunayen littattafan da aka lissafa. Da wannan jeri masana ke gane shekarar bugu. Idan ka ga zanen layukan nan da ake haskawa a kanti, to bugun baya-bayan nan ne. Akwai kundin farashi da Faransawa ke kira BDM, shi masu wannan sana'a ke dubawa, sai ka nemi wanda yake da shi ya duba maka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne ɗaurin nan na Ivoire Dimanche da ka ambata a ƙarshen lissafi, kamar shi ne mafi ƙanƙanta. Ɗana, shi ne babba. A shafukan wannan mujalla ta mako-mako aka riƙa buga Dago a shekarun 1970, baƙauyen da ya shigo Abijan yana ta karo da wayon birni, wanda mai zane Maïga ya zana. Bayansa Monsieur Zézé na Lacombe ya biyo, da hularsa da rigarsa mai ratsi. Su biyun da Faransancin titi suke magana, irin wanda ake ciniki da shi a kasuwar Treichville, irin wanda mahaifinka ya fara ji ranar da ya sauka daga mota da ƙullin kayansa. Ina kyautata zaton kansa ya gani a cikin Dago, shi ya sa ya ɗaure su daban. Zembla da Akim labarin farar fata ne da ya zama sarkin dajin Afirka, baƙaƙe na bin sa a baya. Iyayenmu sun karanta su don su ke akwai, kuma sun ji daɗinsu, ban ga laifinsu ba. Amma Faransa ta adana nata, in duk na adakarku suka ƙone za a samu wasu. Mujallar Abijan ta 1975 fa, gida nawa ka sani da ke da ita? Yawancinsu hanyar da ƙanwarka ta faɗa suka bi, aka ƙunshe gyaɗa da ƙosai da su.

Kouakou ma ka riƙe shi da kyau. Daga 1966 zuwa 1998 aka yi ta buga shi a Faris da kuɗin gwamnatin Faransa ana rarraba wa yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Turawa ne suka zana shi, gaskiya ne, amma jarumin yaro ne baƙi, kuma duk wanda ya yi firamare a Yamai ko Zinder ko Abijan a wancan zamani ya san shi. Ka nuna wa wani dattijo mai shekara sittin ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Yawan waɗannan littattafai ya ja baya bayan da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa kuɗinsa ya ninka, ga talabijin da bidiyo sun ɗauke hankalin yara.

To, ga aikin da ke gabanka, kuma kada ka jira damina. Treichville a tsibiri take, ruwan Ébrié ya kewaye ta, danshin watan Yuni kuwa ko bango ba ya bari balle takarda. Ka fito da su duka a ranar da gari ya bushe, ka shimfiɗa su a inuwa inda iska ke ratsawa, ban da rana, don rana na ƙona takarda ta kuma kashe launi. Wanda ya yi fumfuna ka ware shi gefe, in ya bushe ka share shi da burushi mai laushi a waje, ka rufe hancinka. Ka kwance igiyar ledar nan, tana cin gefen mujallu. Inda ƙusa ta yi tsatsa har ta zana ja a tsakiyar shafi, ka sa bakin wuƙa a hankali ka miƙe ta ka zare, ka bar shafukan a jere yadda suke. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage. Bayan 'yan shekaru zai zama ruwan ƙasa ya bar tabon da ba ya fita. Kada kuma wani mai shagon hoto ya ce zai manne maka su cikin roba da na'ura, wannan kashe littafi ne gaba ɗaya. Ka kwantar da su a kwance, ƙanana bisa manya, da farar takarda mai kyau a tsakani. Adakar ka ɗora ta a kan katako ko bulo, nesa da bango saboda gara, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Duk wata biyu ko uku ka buɗe ka duba.

Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi na Dago da Zézé da wayarka, ka tura wa yayanka da ƙanwarka. Sannan ka nemi masu zanen jaridar Gbich!, wadda Lassane Zohoré da abokansa suka kafa a 1999, ko masu shirya bikin Coco Bulles da aka fara a Grand-Bassam a 2001. Su ne suka gaji wannan sana'a a Kwaddibuwa, kuma sun fi kowa sanin abin da ke hannunka. Ka nuna musu, amma kada ka ba kowa aron na asali ya tafi da shi gida.

Salamu alaikum Gwaggo,

Maigidana yana sayar da waya a Black Market ta Adjamé. Mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare. Damuwata ɗaya ce: duk wanda zai zo daga Faransa sai ya yi masa saƙon manyan littattafan zane masu kaurin bango, wai su Blek da Tintin ne aka sake bugawa aka gyara launinsu. Guda ɗaya ya kai kuɗin buhun shinkafa. Wata biyu ke nan ina bin sa kuɗin makarantar yarinya. Kuma maƙwabciyata ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hotuna.

'Yarki a Adjamé

'Yata, kuɗin makarantar yarinya da cefane suna gaban kowane littafi, wannan babu ja-in-ja a kansa, kuma kina da iko ki faɗa masa. Sai dai ki zaɓi lokaci. Kada ki tare shi ranar da saƙo ya iso yana murna, kada kuma ki kira abin wasan yara, nan take zai toshe kunne. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki kawo takardar makaranta ki ajiye a gabansa, ki roƙe shi ku yanke abin da zai riƙa warewa don littattafansa bayan an sauke nauyin gida. In ya ce ajiyar kuɗi yake yi da su, ki gaya masa sabon bugu ba ya tsada a hannu na biyu, don kamfani na iya ƙara bugawa duk ranar da ya ga dama. Amfaninsa karatu ne: takarda mai ƙwari, zane ya fito sarai, yara su juya shafi ba fargaba.

Tunda mai son abin ne, zai so ya ji wannan ma: gyararren bugu ba kullum yake daidai da na farko ba. Littafin Tintin na Kwango ya fito baƙi da fari a 1931, mai zanensa Hergé ya sake zana shi da launi a 1946, ya rage shafuka, darasin da Tintin ke koya wa yara a kan ƙasar Beljiyam ya koma darasin lissafi. Yadda aka zana baƙar fata a cikinsa kuwa abin takaici ne a kowane bugu, kada a miƙa wa yarinya shi ba tare da babba ya zauna kusa ya yi mata bayani ba. In zai kashe kuɗi, ya waiwayi na gida: Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara fitowa a 2005 ya ci kyauta a bikin Angoulême a 2006, labarin Abijan ne na ƙarshen shekarun 1970. Wannan na manya ne, akwai zancen cikin shege da mashaya. Yarinya a saya mata Akissi, na marubuciyar ne ita ma, don yara aka yi shi.

Maganar hotuna kuwa, hadisin da maƙwabciyarki ta ji yana nan, amma malamai sun yi bayani mai faɗi a kan bambancin hoton da aka rataye ana girmamawa da wanda ke rufe cikin littafi. Ni ba ni ba da fatawa. Ku shirya ke da shi ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, ku je tare don kada ya ga kamar ƙararsa kika kai. Kafin nan ki sa kafinta ya yi wa kantar littattafan marfi, a kuma fitar da ita daga ɗakin da kuke salla.