Amsar Tambaya: Ziyarar Kufan Surame

Malam mai tambaya daga Lafiyan Barebari: Ka tambaya ko a ƙasarmu akwai kufan sarakunan dā wanda ya cancanci mutum ya taka sawu domin ganinsa. To, ina ba ka shawarar Surame, a yankin Binji ta Jihar Sakkwato, birnin da Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, ya kafa a ƙarni na 16, ya kewaye shi da ganuwar duwatsu wadda har yau ragowarta ke tsaye cikin daji, ko da yake mazaunansa sun ƙaura tun tuni zuwa Birnin Kabi. A 1964 hukuma ta sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Amma fa tafiyar tana da sharuɗɗa. Ka bari sai kaka ta wuce, hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, saboda macizai. Kuma kafin ka ɗaura niyya, lalle ka binciki lafiyar hanya wajen mutanen yankin, domin sha'anin tsaro a can ba abin wasa ba ne. Idan ka isa, fara gaida dagaci, ka roƙi ja-gora, ka riƙi goran ruwa, kada kuma ka ɗauke ko dutse ɗaya daga ganuwar.