Ruwan Duwala: Daga Ina Ya Fito, Me Ya Ɗauko a Hanya?

 

Babin farko da muke karantawa a fiƙihu shi ne babin tsarki, farkon tsarki kuwa ruwa. A wannan darasi muna so mu ɗauki abin da muka koya a Ishmawi da Risala mu kai shi bakin rijiyoyin unguwarmu. Tambayarmu guda ce: ya aka yi garin da ruwan sama ke yi wa yawa, mutanensa ke wahalar ruwan sha?

Mene ne kwarin ruwa?

Dubi rufin kwano. Duk ɗigon da ya sauka a kansa indararo ɗaya yake bi. In akwai kashin kaji ko tsatsa a can sama, a bokitin da aka tara a ƙasa za a gan su. To, ƙasa ma haka take. Duk faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa ya taru a kogi ɗaya, shi ake kira kwarin ruwa. A darasin Faransanci ana ce masa bassin versant.

Kogin Wuri da muke kallo daga Deido, wanda gadar Bonaberi ta ƙetare, ba a nan ya faro ba. Koguna biyu ne, Nkam da Makombe, suka haɗu a wajajen Yabassi, suka gangaro zuwa teku. A cikin gari kuma akwai ƙananan kwaruruka, kowanne da magudanarsa, kamar Mboppi, Ngoua, Besseke da Tongo Bassa mai ratsa Bepanda da Makepe Missoke. Kowane gida a Duwala yana cikin wani kwari, ko mai gidan ya sani ko bai sani ba.

Yawan ruwa

Ruwan saman da ke sauka a Duwala a shekara yakan haura milimita 3,500. A Kano ko Marwa, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito, da ƙyar yake kai 1,000. Mafi yawansa yana zuba ne daga Yuni zuwa Oktoba.

Abu uku ne ke mayar da wannan ni'ima ta zama ambaliya. Na ɗaya, garin shimfiɗe yake kusa da teku, ruwa ba ya gudu da sauri. Na biyu, teku na cika tana janyewa sau biyu a rana, in ta cika sai ta tokare bakin magudanai. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya dace da cikar teku, ba shi da wurin zuwa sai cikin ɗakuna. Wannan biyun ba hannunmu. Na ukun kuwa namu ne: leda da robobi da ke toshe kwata, da gini a kan hanyar ruwa, da sare itatuwan bakin gaɓa. Tun 2014 dokar hana siririyar leda ta fara aiki a Kamaru, amma duk wanda ya leƙa kwatar New Bell ya san ledar tana nan.

Ruwan famfo kuma daban yake. Kamfanin Camwater yana ɗebo shi daga kogin Dibamba a Japoma, da kogin Mungo a Yato, da rijiyoyin burtsatse na Massoumbou, ya tace ya turo. Ke nan abin da manomi ko masana'anta suka zuba a waɗancan koguna, shi ma ya shafe mu. Da yake famfo bai kai kowane gida ba, kuma yakan ɗauke, jama'a da yawa sun dogara da rijiya da foraj.

Kyawun ruwa: tsarki daban, lafiya daban

A mazhabar Malikiyya ana duba ruwa da siffa uku: launi, ɗanɗano da ƙanshi. In najasa ta jirkita ɗaya daga ciki, ba a alwala da shi, ba a girki da shi. In abu mai tsarki ne ya jirkita shi, kamar nono, ana amfanin yau da kullum da shi, ban da ibada. In kuwa ƙasar da yake kwance a kai ce ta sauya shi, yana nan da tsarkinsa. Mai Risala ma ya tsananta a kan ruwa kaɗan da najasa ta faɗa masa, ko da bai jirkita ba.

A nan ne ya kamata mu natsu. Waɗannan siffofi ma'aunin ibada ne, ba a ajiye su don su gaya mana ko ruwa zai sa mu ciwo ba. Ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Ruwa zai iya zama garau, a yi alwala da shi salla ta inganta, amma yaro ya sha ya kwana yana amai da gudawa.

Ta ina take shiga? Ƙasar Duwala yashi ce, ruwan ƙarƙashinta kuma yana kusa. Masu aikin lafiya suna so a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A lungunanmu, inda katanga ke jingine da katanga, sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu. Ambaliya in ta zo, sai ta haɗa masai da kwata da rijiya su zama abu ɗaya. A farkon 2004 kwalara ta ɓarke a Bepanda, ta bazu har New Bell da sauran unguwanni, ta kama dubban mutane. Ta sake dawowa a 2011 da 2022.

Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. An hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, an hana biyan buƙata a mashayar mutane da kan hanya, an hana ɓarnar ruwa ko a bakin kogi ake alwala. Ƙa'idar hana cutarwa kuma ta game duka. Wanda ya jira ruwan sama ya sauko sannan ya buɗe masansa cikin kwata, ai bai rabu da ƙazantar ba, maƙwabcinsa na gangare ya aika wa.

Abin da ke hannunmu

Manyan magudanai da bututun famfo aikin hukuma ne, kuma haƙƙin iyayenmu ne su riƙa tuntuɓar mai unguwa da ofishin magajin gari a kai. Amma ga namu rabon:

1. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga kada ta kwana a ƙasa.
2. Ruwan sha a tafasa shi sosai, ko a sa masa Javel gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, a jira minti 30. A zuba a bidon mai ƙaramin baki, kada a riƙa tsoma moɗa da hannu.
3. Shara a kai ta kwandon Hysacam. Kafin damina ta kankama, matasan kowane layi su fito yasar kwata, a faro daga gangare a hauro.
4. Butocin masallaci da na makaranta a riƙa wanke su, a ajiye sabulu a ƙofar bayan gida.
5. In gudawa mai ruwa-ruwa ta kama mutum, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi, a garzaya asibiti. Kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i.

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ke zaune a kwari yana saman wani, yana kuma ƙasan wani. Abin da muka saka a kwata yau, gobe a rijiyar wani yake, na wani kuma a tamu. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare garinmu daga annoba. Amin.