DARASIN AIKIN HANNU: YADDA AKE SAUYA GILASHIN GEFEN BAYA NA MOTA

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Tashar Yari, ko a Hunkuyi, ko a tashar Ikara, ya ga irin motar da za mu yi magana a kanta. Gilashin gefenta na baya ya fashe, an toshe wurin da kwali ko leda, an liƙe da salatif. Idan ka tambayi direba sai ya ce, "Ai wannan ƙaramin gilashi ne, ba ya hana mota tafiya." Gaskiya ne ba ya hana ta tafiya. Amma a cikin wannan darasi za mu ga abin da yake hanawa, sa'an nan mu koyi yadda ake sauya shi daidai.

Gilashin da muke nufi shi ne wanda yake bayan ƙofar baya, wanda ba ya hawa ba ya sauka. A ƙaramar mota ɗan kaɗan ne mai kusurwa uku. A mota mai dogon baya kuwa babba ne, ya kai tsawon hannu ko ya fi. Mu riƙe abu ɗaya tun daga farko: sayen gilashi shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Babban aiki shi ne gyara mazauninsa da toshe bakinsa, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ME YA SA ZA MU DAMU?

Na ɗaya, ruwa. Ƙasarmu takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba. Ruwan da ya shiga ta bakin gilashi yakan gangara ta bayan kwalin ado na ciki, ya kwanta a ƙarƙashin kafet da ramin ajiye taya. Can zai yi ta cin ƙarfe ba wanda ya sani, sai ranar da ƙasan mota ya huje.

Na biyu, ƙura. Da hunturu, a kan hanyoyin da ake bi a ɗauko rake da tumatir daga gonakin Makarfi da Kudan, 'yar kafa kamar bakin allura ta isa ta mai da fasinjan baya fari fat.

Na uku, hayaƙi. Sa'ad da mota take gudu, iska takan yi juyi a bayanta, tana ɗauke da hayaƙin salansa. Idan akwai kafa a wajen baya, hayaƙin yana iya komowa ciki. A cikinsa akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan kawo ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, idan ta yi yawa kuma ta kashe. Yara da ake zaunarwa a kujerar can baya su ne za su fara shaƙarta.

Na huɗu, gani. Direban da zai shiga babban titin Zariya zuwa Kano yakan waiwaya ta wannan gilashi ya ga mai babur. Kwali ba ya nuna kowa.

GILASHIN MOTA BA NA TAGA BA NE

Gilashin mota iri biyu ne. Na gaba fallaye biyu ne da aka manna da siririyar roba a tsakani, shi ya sa idan dutse ya buge shi sai ya tsattsage amma ba ya zubewa. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Na gefe da na baya kuwa, a yawancin motoci, gasasshen gilashi ne. Akan gasa shi a zafin da ya wuce awo 600 na ma'aunin Selshiyos, sa'an nan a hura masa iska mai sanyi nan da nan. Wannan yakan sa ya fi gilashin taga ƙarfi wajen sau huɗu, idan ya fashe kuma sai ya marmashe kamar tsakuwa, ba ya fitar da dogayen tsini masu yanka jijiya.

Daga nan za mu koyi abu biyu. Ba a yanka gasasshen gilashi, ba a kuma goge bakinsa don a rage shi. Da an taɓa shi sai ya tarwatse. Saboda haka idan wani ya ce zai yanko maka gilashi daidai da wurin, ka sani na taga zai ba ka, ranar hatsari kuwa wuƙa ce a kusa da wuyan fasinja. Araha ba ta ado. Abu na biyu, rauninsa yana a bakinsa. Yana iya jure naushi a tsakiya, amma ƙwanƙwasa kaɗan da bakin sukudireba a gefe ta isa ta fasa shi.

HANYOYI BIYU NA RIƘE GILASHI

Iyayenmu sun san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa Fijo a masana'antar Kakuri da ke Kaduna. An yi wajen shekara talatin ana fitar da 504 daga can, mai dogon bayanta kuwa ita ce ta daɗe tana jigilar mutanen Ikara da Makarfi zuwa Zariya da Kano. Motocin wancan zamani roba ce take riƙe gilashinsu: baƙar roba mai kwari biyu, ɗaya na gilashi, ɗaya na bakin ƙarfen mota. Motocin da suka biyo baya, irin su Golf da Sharan, mannawa ake yi da wani baƙin danƙo mai suna yuretan. Yadda za ka gane mannannen gilashi shi ne za ka ga baƙin fenti ya kewaye bakinsa, sau da yawa da ɗige-ɗige. Wannan fenti yana kare danƙon daga hasken rana. Akwai kuma motocin da ake ɗaure nasu da ƙananan noti daga ciki, don haka kullum a fara cire kwalin ciki a duba.

SAYEN GILASHI

Ko a Sabon Garin Zariya za ka saya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da sunan motar, da shekararta, da siffarta, da kuma gefen, domin na dama ba ya shiga hagu. Ka dubi kusurwar gilashin, za ka ga hatimin masana'anta. Na Turai yana da harafin E da lamba a cikin da'ira: E1 Jamus ce ta amince da shi, E2 Faransa. Gilashin da ba shi da hatimi ko kaɗan, ka bar shi. Idan na hannu ne, ka bi bakinsa da yatsa a hankali. In ka ji ɓalli, ka nemi wani. Ka sayi sabuwar roba tare da shi, gama tsohuwar da rana ta busar ba za ta ƙara kamawa ba.

SHIRYA MAZAUNI

1. Ka sa safar hannu da tabarau. Ka shimfiɗa buhu a cikin mota don tare ɓarɓashi.

2. Ka cire ragowar gilashi da tsohuwar roba. Ka share ɓarɓashin duka, har wanda ya faɗa bayan kwali da ƙarƙashin kujera.

3. Ka dubi bakin ƙarfen sosai. Idan ya lanƙwashe, a kai wa mai gyaran bodi ya miƙe shi. Idan akwai tsatsa, a goge da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe. A nan ne yawancin masu gyara suke yin gaggawa, a nan ne kuma yoyo yake farawa.

4. Ka gwada gilashin a wurin tun ba a sa kome ba. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfe ta zama ɗaya a kowane gefe. Idan bai zauna ba, kada ka ce danƙo zai cike. Danƙo ba ya gyara gilashin da ba na wurin ba.

SA GILASHI MAI ROBA

Wannan aikin mutum biyu ne, kayan aikinsa kuwa igiya ce mai santsi da ƙarfi, mai kaurin milimita 4 ko 5, da ruwan sabulu.

1. A fara sa wa gilashi robarsa, a tabbata bakinsa ya shige cikin kwarin ko'ina.

2. A tura igiya cikin ɗaya kwarin, wato na ƙarfe, a kewaye da ita duka, bakunanta biyu su haɗu su gifta juna a ƙasa ta tsakiya.

3. A shafa ruwan sabulu a roba da bakin ƙarfe. Kada a sa baƙin mai ko girisi, domin suna ruɓar da roba.

4. Mataimaki ya ɗora gilashin daga waje, bakunan igiya suna lilo a cikin mota. Ya danna da tafin hannu a shimfiɗe, ba da dunƙule ba.

5. Na ciki ya ja igiya sannu sannu zuwa tsakiyar gilashi. Igiyar za ta riƙa ɗago leɓen roba tana ɗora shi a kan bakin ƙarfe. Ya ja kaɗan ta dama, ya ja kaɗan ta hagu, na waje yana bin wurin da hannu. A kusurwa a rage sauri, a riƙa juya igiyar, gama nan ne roba take yagewa. Sauri ya haifi nawa.

6. Idan igiya ta fita, a bi robar da yatsa ciki da waje. Inda leɓe ya naɗe, a ɗago shi da guntun itace ko roba mai tauri, ba da ƙarfe ba. Idan ana bukatar ƙarin toshiya, a matsa irin danƙon gilashin mota wanda ba ya sandarewa a ƙarƙashin leɓen waje.

SA GILASHI NA MANNAWA

1. A yanke tsohon danƙo da siririyar waya mai ƙarfi ko wuƙar aikin, a kiyaye fentin mota.

2. Kada a kankare tsohon danƙo duka. A fere shi a bar kaurin milimita 1 zuwa 2, domin sabon yuretan ya fi kama ɗan'uwansa. Inda wuƙa ta karce fenti, a shafa baƙin ruwan share fage da ake sayarwa tare da danƙon.

3. A goge bakin gilashi da tsumma mai tsabta, a shafa masa nasa ruwan share fagen yadda aka rubuta a jikin kwalba. Bayan haka kada yatsa ya taɓa wurin, gama maiƙon hannu yana hana kamu.

4. A yanka bakin bututun danƙo yadda zai fito da tsini a sama kamar kunyar gona. A zagaya da shi a layi ɗaya ba yankewa, mahaɗinsa ya kasance a ƙasa.

5. A ɗora gilashi kafin danƙo ya yi fata, wato cikin 'yan mintoci. A danna a hankali, a riƙe shi da salatif mai faɗi.

6. A bari ya bushe. Yuretan da laimar iska yake ƙarfi, don haka da hunturu yakan fi jinkiri. A bi lokacin da aka rubuta a jikinsa. A sauke gilashin ƙofa kaɗan, domin idan aka buga ƙofa mota tana rufe ruf, iskar ciki za ta tura sabon gilashi waje. Kada a wanke motar ko a hau hanya mai gargada sai an kwana.

Gargaɗi: kada a sa silikon na gini a maimakon yuretan. Ba shi da ƙarfin riƙe gilashi, wani irinsa mai warin tsami yana sa ƙarfe tsatsa, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa.

GWAJI

Aiki bai ƙare ba sai an gwada. Mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje, ya fara daga ƙasa yana hawa sama. Idan aka fara daga sama ba za a gane inda yoyon yake ba. Bayan haka a yi 'yar tafiya a kasa kunne. Idan an ji fito, akwai kafa. Gara ka gano ta yau a gaban mai mota, da ya gano ta a tsakiyar Agusta.

Ya ku ɗalibai, ba dukanku ne za ku zama makanikai ba. Amma wani zai sayi mota, wani zai kula da motar makaranta ko ta asibiti, kowa kuma zai shiga motar haya. Wanda ya san waɗannan abubuwa ba za a sa masa gilashin taga ya biya kuɗin na mota ba. Wanda kuma ya ɗauki sana'ar, ya tuna cewa tsatsar da ya rufe da roba mai mota ba zai gan ta ba a ranar, amma damina za ta tona.

TAMBAYOYI

1. Kawo illoli huɗu na barin gilashin gefen baya a toshe da kwali.

2. Don me ba a iya yanka gasasshen gilashi?

3. Ta yaya za ka bambanta gilashi mai roba da na mannawa?

4. Me ya sa ake fara zuba ruwan gwaji daga ƙasa?

5. Aikin hutu: ka nemi izinin wani mai mota a garinku, ka dubi hatimin da ke kusurwar gilashinsa na gefe, ka kwafo shi a littafinka, ka kawo aji mu karanta tare.