Idan Soja Ya Yi Kisan Kai, Me Dokarsu Ta Ce?

TAMBAYA: Ina yawan jin mutane na cewa soja ba ya kisan kai, wai in ya harbe mutum, sai dai a canza masa wurin aiki. Shin akwai dokar da ke hukunta shi? Daga Malam Bukar, Damaturu.

AMSA: Akwai doka, kuma mai tsanani ce. Sojan ƙasa da na sama da na ruwa duk suna ƙarƙashin Dokar Rundunonin Sojan Najeriya, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta shekarar 1993. Sashe na 106 ya yi magana kan kisan kai: duk sojan da ya kashe mutum ba bisa haƙƙi ba, da nufin kashe shi ko yi masa mummunan rauni, hukuncinsa kisa ne. Dokar ba ta bambanta ko wanda aka kashe soja ne ko farar hula. In kuwa babu niyyar kisa, sashe na 105 ne ke aiki, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai.

Abin da kotu ke dubawa shi ne niyya da kuma halin da aka yi harbin. Sojan da ya harbi maƙiyi a fagen fama bai yi laifi ba. Amma wanda ya miƙa wuya, ko yake tsare a hannu, jininsa ya haramta. Cewa "oga ne ya ba ni umarni" ba ya wanke mutum idan umarnin haramtacce ne ƙarara.

Ga misalai biyu daga kotun soja a Maiduguri. A 2017 kotun soja ta yanke wa wani ƙaramin soja hukuncin kisa saboda kashe wanda ake zargin ɗan Boko Haram ne a Damboa. A farkon 2021 kuma aka yanke wa wani hukuncin kisa ta hanyar harbi, bayan ya bindige wani laftanar a Bama.

Babbar kotun soja tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, tare da masanin shari'a mai yi musu jagora, kuma wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauya. Hukuncin ba ya tabbata sai hukumomin soja na sama sun amince da shi, sannan ana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli.

Inda gizo ke saƙar shi ne kai ƙarar gaban kotu tun farko, domin kwamandoji ne ke da ikon kafa ta. Saboda haka, wanda aka kashe masa ɗan'uwa kada ya yi shiru. Ya tattara shaidu, ya nemi lauya, ya kai koke a rubuce ga rundunar da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.